Garken Takarda

Ursai, tsibirin Sardiniya
Afrilu, 1996

Kawu Bachisio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙirjinka. Yaya tarin? Ina fata ka daina zama bakin taga kana shan sanyin Beljiyam kamar magani. Mu nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu da ke nan da halinta.

Rabon da in rubuto maka tun rasuwar Mama, kuma na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna ina da kawu. Faɗa, gaskiya ce. Kai kaɗai ka rage a danginta, ko da yake sai an bi ta kan kakanni kafin a iso gare ka.

Ruwan da aka yi makon jiya ya gangaro daga dutse ya fasa bangon tsohon ɗakin matsar zaitun da ke jikin gidana, inda nake ajiye littattafaina. Laka ta kai ƙugu. Waɗanda na tara tun ina ɗaliba, da na marigayi mijina, da waɗanda marubuta suka bar mini da sa hannunsu duk shekarar da suka zo bikinmu, duk sun zama kunu. Na ɗauko ɗaya ya narke tsakanin yatsuna. Da shebur aka kwashe su, Kawu, aka zuba a motar kwasar taki.

Ba ruwan nake kawo ƙara ba, ruwa ba shi da hankali. Mutanen garin nan ne. Shekara da shekaru ƙofar ɗakin nan a buɗe take ga duk mai son aro. Ni na koya wa rabin garin karatu a makaranta. Ni na fara Bikin Karatu na watan Satumba lokacin da ake mini dariya, ana cewa wa zai hau dutse don ya ji ana karanta waƙa. Yanzu baƙi na zuwa har daga birnin Nuoro, mata na sayar da cuku da zuma, magajin gari na sa kwat yana jawabi kamar shi ya haifi bikin.

Sun zo kwasar laka, ban ce ba su zo ba. Maza da shebur, mata da guga. Suka gama, suka wanke hannu, suka tafi. Babu wanda ya buɗe baki ya ce, "Sannu, Malama." Tottoni makiyayi, wanda muka zauna benci ɗaya a aji, ya tsaya yana kallon kantocin da babu komai a kansu, ya sosa ƙeya ya ce, "Da yawa ne, ko?" Na ce, "A'a, Tottoni, guda biyu ne, ruwa ya kumbura su." Ya gyaɗa kai ya fita.

Da akuyar wani ce ta karye, da an yi mako ana jaje.

Don haka ga buƙatata. Ka nemo mini ɗaki a Genk kusa da kai, ƙarami, mai taga. Fanshona zai ishe ni, kuma zan iya koya wa jikokin mutanenmu harshen iyayensu. Bikin bana babu shi, na baɗi ma haka. A ƙofar ɗakin nan marubuta ke zama su karanta, daga cikinsa ake aro a tafi gida. Ba zan tara baƙi a gaban kango ba.

Taka,
Gavina

Genk, Beljiyam
Mayu, 1996

'Yata Gavinedda,

Har yanzu da sunanki na yarinta nake kiran ki. Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai. Na karanta ta, na sake, don an daɗe ba a yi mini faɗa da irin muryar uwarki ba. Allah ya ji ƙanta. Tari yana nan, mun saba. Wanda ya yi aiki a ramin kwal ba ya dawowa shi kaɗai. Gwiwar ki riƙa shafa mata man zaitun mai ɗumi.

Na ji abin da ya sami littattafai. Raina ya ɓaci. Na tuna ranar da na zo hutu kika ba ni aron wani mai kauri, kika ce in na lanƙwasa kunnen shafi za ki lanƙwasa nawa.

Kin ce sun kwashe laka sun tafi, babu wanda ya yi miki jaje. Har Inna Mallena maƙwabciyarki, wadda ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya? In haka ne, madalla.

Ina yaro aka sace garken babana gaba ɗaya a dare ɗaya. Garin ya yi shiru kamar an mutu. Babana bai yi fushi ba, ya je ya gyara shingen garke. Ke ma ki sa a gyara bangon, a shanya kantocin a rana.

Maganar ɗaki, ba zan nema yanzu ba. Ki bari Satumba ta wuce tukuna. A nan sama toka ce, kuma tumatir ɗinsu ba shi da ɗanɗano.

Ki gaishe mini da dutsen.

Kawunki,
Bachisio

Ursai
Yuni, 1996

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji tari yana nan, Allah ya sawwaƙe. Man zaitun ya yi wa gwiwa amfani, na gode da wannan.

Yanzu sauran. Madalla? Na gaya maka an bar ni ni kaɗai da kango, ka ce madalla? Na juya kalmar nan ta kowace fuska, ban ga inda ta yi kyau ba. Sai kuma ka kawo mini labarin tumakin babanka. Tunkiya in ta ɓata 'yar'uwarta na haihuwar wata. Littafi ba ya haihuwa. In ba ka son tsohuwa mai baki ta tare kusa da kai, ka faɗa kai tsaye, ka bar jingina da tumatir.

Abin garin nan kuwa gaba yake yi. Da shiru ne kawai, yanzu guduna ake yi. In na shiga shagon kofi a dandali sai hira ta mutu. Ranar askin tumaki na hau wurin Tottoni kamar kowace shekara, na tarar da shi zaune a gindin itace ya sunkuya, leɓensa na motsi. Yana ganina ya cusa wani abu cikin riga ya miƙe kamar na kama shi da matar wani. Na ce, "Addu'a kake yi, Tottoni? Me ka aikata?" Ya ce, "Malama, ba ki da wani aikin ne yau?"

Inna Mallena, da ka tambaya, ta rufe tagar da ke kallon tsakar gidana, a wannan zafin. Ina jin muryar surukarta a ciki tana magana ita kaɗai ba tsayawa, tsohuwar na cewa, "Kai! Ƙarya yake yi mata!" Da wa ake? Ban sani ba. Ina zaton da ni.

Mai kemis ya ce mini bai taɓa sayar da tabarau kamar bana ba, har ya sake aikawa Nuoro a kawo. Na ce to, garin ya makance ke nan, dama kurma ne.

Na je na gaya wa magajin gari cewa babu biki, na rubuta wa marubutan da na gayyata kada su zo. Ya ce, "Bari mu gani, Malama." Me za a gani? An gyara bangon, ba don ka ce ba, don kada ya faɗo wa wani. Kantocin ma na shanya su, katako ne mai kyau, wanda zai sayi gidan ya mora.

Na fara ɗaure kaya. Ka nemi ɗakin ko in nema da kaina.

Gavina

Ursai
Agusta, 1996

Kawu Bachisio,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. In fushi ka yi da takardata ta baya, kana da hujja, bakina ya fi hankalina sauri tun ina yarinya. Na buga waya gidan da kake haya, wata mata ta ɗauka ta yi ta magana da yarensu, ban tsinci komai ba sai sunanka.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ka zage ni ma, na yarda. Garin nan gaba ɗaya ya yi mini shiru na jure, naka ne ya hana ni cin abinci.

Taka,
Gavina

Ursai
Satumba, 1996

Kawu, tsohon munafuki,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon Allah ya tashi kafaɗarka. Na ga hatimin asibiti a kan ƙunshin da ka aiko, don haka na san inda kake. Za mu yi wannan faɗan daga baya. Zauna ka ji.

Ranar Lahadin da aka saba buɗe biki, da hantsi, ina tsakar gida ina naɗe kofuna cikin jarida, sai na ji ƙararrawar tumaki a titi. Na leƙa. Babu tunkiya ko ɗaya. Tottoni ne a gaba riƙe da ƙararrawar, cikin kwat ɗin da ya yi aure da shi, bayansa kuma garin Ursai gaba ɗaya a layi, har kwanar coci. Kowa da abu a hammata.

Na tsaya a ƙofar ɗakin matsar zaitun don in hana su shiga, ban san me suka zo yi ba. Tottoni ya tsaya gabana ya miƙo littafi da hannu biyu, yadda ake miƙa ɗan rago. Ya ce, "Malama, ga wannan. Lafiyayye ne. Yana wurina tun Mayu. Farkonsa akwai taurin kai, amma in ya saba da ke yana ba da nono. Akwai wani matuƙin jirgin ruwa a ciki, ki sa masa ido, ban yarda da shi ba."

Na ce, "Karantawa ka yi?"

Ya ce, "Yo zan ba ki abin da ban san lafiyarsa ba?"

Sai a lokacin na gane. Paradura suka yi mini, Kawu. Abin da aka yi wa babanka: wanda ya rasa garke ba a yi masa jaje, kowane gida ya kawo masa tunkiya ɗaya har garken ya tashi. Na san al'adar kamar yadda na san sunana. Ban taɓa kawo ta a rai ba, don na san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, babu takarda a cikinsu sai kalandar coci.

Su ma sun san haka. Ashe tun makon ambaliya suka taru a zauren coci. Magajin gari ya ce a je Nuoro a sayo sababbi a kwali a kawo mini. Inna Mallena ta miƙe ta ce a garin nan ba a taɓa kai wa mutum tunkiyar kasuwa ba, daga garkenka kake cirowa, wadda ka san cinta da halinta. Aka ce ai ba mu da garken littattafai. Ta ce to kowa ya nemo ɗaya ya yi kiwonsa har ya zama nasa. Shi ne suka rubuta wa 'ya'yansu a birane, suka sayi tabarau, suka shafe bazara suna fama. Guduna kuwa, tsoro suke kada in gane in fara yi musu tambayoyi kamar a aji.

Inna Mallena ba ta iya karatu ba, ka sani. Surukarta ce ta riƙa karanta mata suna murza gurasa. Labarin soyayya ta kawo. Ta dangwara mini shi ta ce, "Yarinyar ciki sakarya ce, 'yar nan. Tun shafin farko na ce mutumin nan ba zai aure ta ba. Amma ki ajiye, zai yi wa 'yan mata amfani." Makanikin garin ya kawo littafin gyaran injin tarakta, baƙi ƙirin da mai, ya ce shi kaɗai ya taɓa karantawa har ƙarshe kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba. Mutum uku suka kawo littafi iri ɗaya, suka gano haka a kan layi, gardama ta kaure kan ko matar da ke ciki ta kyauta da ta bar mijinta. Mahauci ya ce ta kyauta. Matarsa ta juyo ta ce, "Au, haka ne?" Layin ya ɗauki dariya.

Kowa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi halin nasa kafin ya ɗora a kanta. Wasu suka buɗe suka karanta wurin da ya fi kama su, da yatsa a ƙarƙashin layi, yadda na koya musu. Na kawo manyan marubuta garin nan, na ga ana hamma a gabansu. Ranar babu wanda ya yi hamma. Magajin gari ya ciro jawabinsa, ya duba, ya mayar aljihu. Wannan kaɗai ya isa a yi biki.

Can mai kawo wasiƙa ya matso da ƙunshinka. Littafin waƙoƙin da ka tafi da shi Beljiyam a akwatin kwali, da tambarin babban yatsanka baƙi a gefen kowane shafi. Ya ce ka yi masa waya ka ce a gaya mini: tsoho ne, haƙoransa sun zube, amma bai taɓa ɓatan hanyar gida ba.

A nan ne na buɗe baki. Na ce, "Jama'a, na go..." Inna Mallena ta toshe mini baki da tafin hannu mai ƙanshin garin alkama. Ta ce, "Kul! Sadaka muka ba ki?" Na manta, ni mai ilimi. Wanda aka yi wa paradura ba ya godiya, ciyarwa yake yi. Na ce ba ni da komai a gidan, tukwanena ma suna cikin kwali. Ta ce, "Je ki duba." Ashe ina bakin ƙofar gaba, mata sun bi ta baya sun cika mini kicin da gasasshen nama da cuku da gurasa da ruwan inabi, don in fito da su a matsayin nawa.

Kada ka ɗauka an mayar mini da abin da na rasa. Kanta biyu da rabi suka cika, sauran na nan wayam. Wasu littattafan shirme ne, da a da ne ba zan bari su ƙetare ƙofata ba. Amma babu ɗaya a cikinsu da ba a karanta ba, abin da ba zan iya rantsewa a kan nawa na da ba.

Kwalayena na nan a ɗaure. Ban san abin da zan yi ba. Ina jin haushinsu har yanzu, sai dai na rasa inda zan kama.

Taka,
Gavina

Genk
Oktoba, 1996

'Yata Gavinedda,

Na dawo gida, da sauƙi. Huhun ne ya cika da ruwa, suka kwantar da ni tun Yuli. Takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa na tarar da su. Ta Agusta na ajiye a aljihun riga. Ban san akwai wanda shiruna zai hana cin abinci ba, na gode. Ni al'ada ba ta hana ni faɗa ba.

Ba munafunci na yi ba. Lokacin da na ce madalla babu wanda ya gaya mini komai, shirun kawai na gane. A Ursai in an yi miki jaje, an gama da ke ke nan. Daga baya Tottoni ya yi mini waya. Ban gaya miki ba don ba a gaya wa mai garke, kuma da kin sani da kin bi gida gida kina zaɓar musu abin da za su karanta.

Yanzu maganar ɗaki. Na ce ki bari Satumba ta wuce, ta wuce. Na nema, na samu. Yana saman bene a gidan da ke kallon nawa, da taga babba, mai gidan mutuniyar kirki ce. Ba zan ɓoye miki ba, zan so ki zo. Ranakun nan suna da tsawo ga mutum ɗaya. Babu wanda zai ce kin ci amana in kin tafi, littafi ba ya jin yunwa. Mai gidan na jiran amsa. Me zan ce mata?

Kawunki,
Bachisio

Ursai
Nuwamba, 1996

Kawu Bachisio,

Ina gaisuwa, na yi murna da ka koma gida. Ka sha maganin har ya ƙare, kada ka ji sauƙi ka watsar. Gwiwa lafiya.

Na daɗe da takardarka a hannu kafin in amsa, saboda layin nan na ranaku masu tsawo. Ka ba mai gidan haƙuri, ta ba wani ɗakin. Ba zan iya tafiya ba. Ina da tunkiya.

Kada ka yi dariya, tari zai taso. Tsawa ta faɗa wa garken Tottoni a kan dutse watan jiya, ta kashe fiye da rabi. Garin ya yi tsit. Na haɗu da shi a dandali, jaje ya zo mini har bakin leɓe, na haɗiye, na ce masa yau akwai sanyi. Washegari na sayo 'yar tunkiya a ƙauyen da ke ƙasa. Ka san ba a kai ta kasuwa, don haka tana tsakar gidana ina kiwonta har ta zama tawa, sai bazara za a kai. Makaniki ya koya mini duba kofato, Inna Mallena na leƙowa ta taga tana cewa ina riƙe ta kamar kamus. Zuwa yanzu ga abin da zan iya faɗa a kanta: tana da ci, tana da harbi, ba ta son a ba ta umarni, kuma ta cinye bangon littafin tarakta. Tottoni zai ce mun yi kama.

Maganar ranakunka kuwa, ɗakin mijina na nan, tagarsa na kallon dutse. Ka zo da bazara ka ga an kai tumakin, ka zauna har Satumba. Na sa sunanka cikin masu karatu a bikin baɗi, kai za ka buɗe, da littafinka mai yatsu. Ban tambaye ka ba, sanar da kai nake yi.

Ƙunshi na tafe a bayan takardar nan: cuku, gurasa, da tumatir busasshe mai ɗanɗano. Rabonka ne na ranar, kai kaɗai ka kawo ba ka ci ba. Abin da ya rage a bakina kuwa, ka san an hana ni faɗa. Ka ci kawai.

Taka,
Gavina